Keke a karkarar Sakkwato: wace hanya ce shiru, kuma wane irin shiru?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, wata huɗu ke nan da aka dawo da ni Sakkwato, ina zaune a Arkilla. Na sayi keken tsere na gwanjo mai siririyar taya saboda likita ya ce in rage zama. A cikin gari kabu-kabu da motoci sun hana ni sakewa. Ina son hanyoyin kwalta marasa cunkoso da zan riƙa fita karkara, in kuma ziyarci garuruwan tarihi irin su Sifawa da Wurno da Degel da muka karanta a makaranta. Wace hanya za ka ba ni shawara, kuma da me zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da zuwa birnin Shehu, Malam, Allah ya sa ka shigo a sa'a, ya ƙara lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake nema a tafiya guda: kwaltar da mota ba za ta matse ka ba, da garin da za ka jingine keke ka ga abin da ka karanta a aji da idonka. Duka biyun akwai su. Na fi shekara ashirin ina taka keke a waɗannan hanyoyi, tun ina koyarwa a wata makarantar ƙauye, kuma har yau ban ƙoshi da fadamar Rima da sanyin safiya ba. Amma kafin in ambaci ko gari ɗaya, akwai maganar da ta fi sunayen garuruwan nauyi.

Shiru iri biyu ne

A ƙasar Sakkwato ta yau, hanya kan yi shiru saboda ɗayan dalili biyu. Akwai wadda ta yi shiru don ba ta kaiwa babbar kasuwa, ba ta kaiwa kan iyaka, manyan motoci ba su da abin nema a kanta. Ita kake so. Akwai kuma wadda ta yi shiru don mutane sun daina binta saboda 'yan bindiga. A taswirar waya dukansu siririn layi ne mai daɗin kallo, baƙo ba zai bambanta su ba. Shekaru da dama ke nan gabashin jihar yana cikin wannan masifa, su Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah har da wasu sassan Wurno. Arewa maso yamma ma, wajen Tangaza da Gudu, ba a tsira ba, abin yana taɓa Binji da Silame, haka kudu maso gabas wajen Tureta. Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Hanya mai lafiya tana da mutane ko da babu mota a kanta. Za ka ga manomi da fartanya a kafaɗa, jaki da mangala, matan Fulani da ƙwaryar nono a ka, yara suna koro jajayen awaki, mai shayi ya hura wuta a mararraba. In ka yi tafiyar minti goma sha biyar a lokacin da ya kamata gonaki su cika da jama'a amma ba ka ga kowa ba, rumfunan bakin hanya a yashe, ka juya nan take, kada ka tsaya neman dalili.

Waɗanda suka fi kowa sanin halin hanya su ne 'yan kabu-kabu da direbobin tasha, domin kullum suna kanta, kuma su ne farkon jin labari. Ka tambaye su da yamma ana gobe tafiya, ka sake tambaya da safe a mararrabar ƙarshe kafin ka bar gari. Labarin makon jiya ba labari ba ne. Nan ne iyakar amsata take: zan iya faɗa maka yadda hanya ta kwanta, inda yashi ke hawa kwalta, da abin da ke ƙarshenta, amma lafiyarta a ranar da za ka fita sai bakin waɗanda suka kwana a kanta.

Sa'a da rana sun fi zaɓen hanya

Sakkwato tana kan tudu kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu, kuma hanyoyin kwalta sun fita daga gare ta kamar yatsun hannu. Ta arewa ta bi Kware da Gwadabawa zuwa Illela. Ta arewa maso gabas ta bi Achida, ta rabu zuwa Wurno da Goronyo. Ta kudu maso gabas ta bi Shuni da Dange zuwa Gusau. Ta kudu ta bi Bodinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega. Ta yamma ta nufi Wamakko. Kwaltar da ke haɗa wannan yatsa da wancan kaɗan ce, don haka galibin tafiyarka za ta zama ka je ka dawo ta hanya guda, kuma hanyar nan ita ce dai motocin kasuwa ke bi. Ma'anar wannan ita ce ba za ka sami wata ɓoyayyiyar hanya da mota ba ta sani ba. Abin da za ka samu shi ne sa'o'in da hanyar take taka kai kaɗai.

Sa'o'in nan daga sallamar sallar asuba suke zuwa wajen tara na safe. A watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen bakwai, a Mayu da Yuni kuwa shida da 'yan mintoci ta leƙo. Ka fita da zarar gari ya yi shaa kana iya ganin rami a kwalta. Ban yarda da fita cikin duhu sosai ba, domin akwai tirelolin da suka kwana suna tafiya, direba da barci a ido, akwai kuma amalanken shanu da ba ta da fitila.

Sai ranar kasuwa. Hanyar da ka samu fayau ranar Asabar, ranar kasuwar garin da ke gabanta za ka same ta cike da motocin dabbobi da babura masu ɗauke da buhu uku-uku. Kasuwar Illela Lahadi take ci, don haka hanyar Kware ba ta hutawa tun daga jajibiri har washegari. Haka hanyar Wurno take a ranar kasuwar Achida. Ka riƙe ranakun kasuwannin da ke kan kowace hanya kamar yadda ɗan koli ke riƙe su, sai dai shi don ya je, kai don ka kauce.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsaunin da zai sa ka sauka ka tura. Abin da ke madadin tsauni a nan iska ce da rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana kwance da asuba, ta fara ƙarfi da hantsi. Da damina kuwa daga kudu maso yamma take zuwa. Wannan shi ke tsara maka inda za ka nufa. Da hunturu, wanda ya nufi arewa ko arewa maso gabas da sassafe yana tafiya ne kafin iskar ta farka, in ya juyo sai ta tura shi gida. Wanda ya nufi kudu kuwa zai ji tafiya ta yi daɗi, ya zarce inda ya yi niyya, sai a dawowa ya gamu da ita gaba da gaba ga gajiya ga rana ta ɗaga. Na ga wannan ya karya gwiwar sababbin mahaya da yawa, har wasu suka jingine keken gaba ɗaya suna zaton ƙarfinsu ne ya gaza.

Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma kwalta ta fi iska zafi. A waɗannan watanni duk tafiyar da ba za ta ƙare kafin tara da rabi ba ka bar ta. Tunda likita ne ya sa ka hawa, ka koma ka gaya masa irin nisan da kake nufi da irin zafin da za ka shiga, musamman in kana shan maganin hawan jini ko na suga. Wannan fagensa ne, ba nawa ba.

Inda za ka fara: cikin ganuwa da Kwalkwalawa

Kada ka raina cikin gari. Da asubahin Asabar, kafin kabu-kabu su fito, tsohon birnin nan wuri ne na daban. Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, kuma sunayen ƙofofinsa suna nan a bakin mutane: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Dundaye. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ratsa ta Kanwuri ka ga fadar Sarkin Musulmi da masallacin Bello da na Shehu, ka sauka a Hubbare inda Shehu Usmanu ke kwance tun 1817, 'yarsa Nana Asma'u ma nan kusa da shi take. In za ka koma Arkilla ka biyo ta Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tari Turawa a Maris na 1903. Awa ɗaya da rabi ya ishe ka, kuma za ka koyi keken a inda taimako ke kusa.

Bayan wannan sai hanyar jami'a. Ka sauka daga tudun birni ka ratsa fadama ta Kwalkwalawa, ka haye gulbi, ka nufi Dundaye da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A wurina babu gajeriyar hanyar da ta kai ta. Da rani fadamar kore shar take da albasa da tumatir da tattasai, injinan ban ruwa suna ƙugi, farin balbela na bin shanu, hazo ya kwanta a kan ruwa. Za ka ji sanyi ya bugi ƙirjinka da zarar ka sauka gangaren, domin fadama ta fi tudu sanyi da safe. Ranakun karatu motocin ɗalibai da ma'aikata sukan cika ta daga bakwai da rabi, amma Asabar da Lahadi da lokacin hutu taka ce. Da damina ka kula da ita: ambaliyar 2010 ta cinye gadar hanyar nan har ta raba jami'ar da gari, kuma duk shekarar da gulbi ya cika gefen kwaltar kan zaizaye.

Hanyar Wamakko ba ta da nisa, sai dai motocin siminti na Kalambaina ba su san asuba ba. Hanyar Shuni da Dange kuma ita ce ta Gusau, tireloli da tankoki ba sa yankewa. Duka biyun ba na tura sabon mahayi.

Bodinga da Sifawa

Cikin garuruwa ukun da ka ambata, Sifawa ce ta farko da zan ce ka nufa. Ka fita ta hanyar filin jirgin sama na Sultan Abubakar III ka miƙe kudu. Bodinga tana wajen kilomita 25 daga gari, Sifawa kuma dab da ita, 'yan kilomitoci ne tsakaninsu. Zuwa da dawowa ka ƙiyasta kilomita 60, wato awa uku zuwa uku da rabi ga mai tafiyar kilomita 18 zuwa 20 a awa, ban da tsayawa.

Gaskiya babbar hanya ce, ita ce ta Jega da Birnin Kebbi, don haka shirunta na asuba ne kawai. Amma tana da ƙauyuka a jere, ba ka rabuwa da mutane, ga masu faci, ga masu shayi. Ka riƙe gefen dama, kada ka manne da bakin kwalta sosai, domin nan ne take gutsurewa, nan kuma yashi da ƙusoshi ke taruwa. In ka ji tirela a bayanka kuma wata na zuwa ta gaba, ka sauka ƙasa ka tsaya ta wuce. Iskar da tirela ke ja tana iya fizgar keke mara nauyi irin naka zuwa ƙarƙashinta. Da kaka kuma mutane kan shanya hatsi da barkono a gefen kwalta, su tokare da duwatsu; dutsen ne abin tsoro, ba shanyar ba.

Abin da ya sa nake son Sifawa shi ne irin zaman da Shehu ya yi a cikinta. Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a shekarar, da zaman Gwandu, da faɗuwar Alkalawa a 1808, nan ya sauka ya koma ga abin da ya fi so, karantarwa da rubutu. A nan ne a 1812 ya raba kula da ƙasa, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello. Abdullahi ya zauna a Bodinga kusa da yayansa. Sai a 1815 Shehu ya tashi ya koma Sakkwato. In ka taka wannan tazara da ƙafarka za ka fahimci abin da littafi ba ya iya nuna maka: yadda wuraren nan suke kusa da juna, yadda ɗalibi zai yi sallar asuba a Bodinga ya riski karatun safe a Sifawa, yadda manzo zai bar Sakkwato a kan doki ya iso kafin rana ta yi zafi.

Zuwana na farko ina tuna shi sarai. Na iso wajen takwas, ƙura ta yi mini fari fat har gira. Wani dattijo yana zaune a kan buzu a gindin bangon masallaci da tasbaha a hannu, ya dubi keken, ya dube ni, ya ce, "Daga Sakkwato kat taho bisa wanga? Sannu da ƙoƙari. Taho ka sha hura." Ya sa jikansa ya kawo ruwa a buta na wanke fuska, sannan ya tashi da kansa ya zagaya da ni, yana nuna masallacin Shehu da wajen da gidansa yake, yana kiran sunayen malaman da suka zauna a garin kamar maƙwabtansa ne na jiya. Da a mota na zo, da gilashi a rufe, ban jin zai kira ni.

Da hunturu ka tuna dawowarka arewa za ka fuskanta, iska na gabanka. Ka bar Sifawa kafin tara. In ƙafarka ta yi ƙwari nan gaba, hanyar nan ce dai za ta kai ka Yabo, garin Sarkin Kabi, da Shagari, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, inda aka binne shi a 2018. Wannan tafiya ce ta kilomita 100 ko fiye zuwa da dawowa, sai an yi shiri, sai kuma da abokin tafiya.

Kware da Wurno

Kware tana wajen kilomita 20 a arewa, ƙasar Sarkin Yamma. Tafiya ce mai kyau da hunturu saboda dawowar da iska a baya, ga tafki ga rake ga lambuna. Nan ne Malam Abdussalami, mutumin Gimbana, ya zauna, kuma nan aka yi rikicinsa da Sarkin Musulmi Bello jim kaɗan bayan rasuwar Shehu. Ka guji Lahadi da jajibirinta, ka kuma tsaya a Kware ka juyo, kada daɗin hanya ya ja ka gaba.

Wurno kuwa, ita ce hanyar da na fi ƙauna a duk jihar nan, kuma ita ce wadda nake ambata da nauyin zuciya. Kilomita arba'in da 'yan kai ce daga Sakkwato. Bayan Achida, in ka saki hanyar Goronyo ka karkata, motoci sukan ragu ƙwarai, ka ji ƙarar tayarka kawai da kukan kurciya. Garin yana bisa tudu mai duwatsu, fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashinsa da shinkafa da albasa da tafarnuwa iya ganinka. Da ka tsaya a can sama za ka gane dalilin da ya sa Bello ya zaɓi wurin ya yi ribaɗi, wato garin tsaron kan iyaka: duk abin da zai taso daga wajen Gobir sai an hango shi. Ya fi son zama a nan, a nan ya rasu a 1837, hubbarensa na cikin garin. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya yi zamansa, a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853. Hakimin garin Sarkin Sudan ake ce masa.

Wani watan Janairu mu uku muka tafi. Iska ta riga mu tashi ranar, muka yi awa uku cur muna fama, kai a sunkuye, ba mai magana. Muka yi ziyara, muka ci tuwon shinkafa, muka juyo. Dawowar ko awa biyu ba ta cika ba, feda tana juyawa kamar ba ƙafa a kanta, rigunanmu sun kumbura ta gaba. Tun ranar na daina tsara tafiya ban duba inda iska ta fuskanta ba.

Yau ba zan ce maka ka hau ka tafi Wurno kai kaɗai ba. Akwai lokutan da hanyar ke lafiya mutane na kai da kawowa, akwai lokutan da ƙauyukan kewaye ba sa barci. In kana son ganin hubbaren Bello, fara zuwa a motar haya da rana tsaka tare da ɗan garin, ka ga hanyar, ka yi sabo da mutane. In hali ya yi daga baya, ku tafi a ƙungiya, ku shiga da hantsi ku fito kafin azahar.

Degel tana ƙasar Gwadabawa, kusa da Chimmola inda Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya yi ribaɗinsa. Ita da Gudu da kufan Alkalawa da Rabah, mahaifar Sardauna, da ganuwar duwatsun Surame ta Kanta, tsohon Sarkin Kabi, a ƙasar Binji, duk wurare ne da suka cancanci a gani, Surame ma abin mamaki ce ga duk wanda ya tsaya a gabanta. Amma shawarata a kansu ɗaya ce: ba da keke ba, ba yanzu ba. Ni kaina na yi shekaru ban taka wasunsu ba. Ban da maganar tsaro ma, ƙarshen hanyar wasunsu yashi ne da siririyar taya ba ta iya shiga.

Keken kansa

Keken tsere na gwanjo yawanci da taya mai faɗin milimita 23 ko 25 yake zuwa, wadda aka yi don kwaltar Turai. In firam ɗinka zai ɗauka, ka sa mai 28 ko 32. Gudun da za ka rasa kaɗan ne, amma za ta haɗiye tsakuwa da gyaran kwalta, ta kuma fi riƙe ƙasa inda iska ta watso yashi a kan kwana. In ka shiga irin wannan yashi kada ka damƙe birkin gaba, kada ka karya kai. Ka saki jiki ka miƙe har ka fita.

Babban abokin gabar tayarka tsidau ne, kuma ba a kan kwalta yake ba, a gefenta yake, daidai inuwar da za ka so ka huta. Na taɓa tura keke taku goma zuwa gindin wata aduwa, na dawo da ƙaya biyar a tayar gaba. Tun daga nan in zan sauka daga kwalta ɗaukar keken nake a kafaɗa, kafin in hau kuma sai na shafa tayoyin da hannu. Ka riƙe tub biyu, da kayan faci, da famfonka. Wannan na ƙarshe kada ka manta shi: mai facin ƙauye gwani ne, amma tub irin naka ba ya cikin akwatinsa, kuma famfonsa ba ya kama siririn bawul na keken tsere. Akwai ɗan mahaɗin ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin bawul ɗin don kowane famfo ya kama, ka nema wajen masu kayan keke ka jefa a aljihu.

Sarƙa kuma ƙurar hunturu ke cinye ta. Kada ka bari a zuba mata baƙin mai. Mai da yawa yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa, ya cinye haƙoran giya. Ka goge ta da tsumma bayan kowace fita, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa.

Hular kwano dole ce. Jar fitilar baya mai walƙiya ka kunna ta ko da rana in akwai hazo, ka sa riga mai haske. Ruwa gora biyu, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba, ɗaya ka zuba mata garin gishiri da sukari na kemis in tafiyar ta wuce awa biyu. Dabino da ƙuli-ƙuli sun ishe ka guzuri, fura kuma tana jiranka a kowane gari. In ka ji kanka na sarawa, ko jiri, ko gumi ya ɗauke alhali kana cikin rana, ka nemi inuwa da mutane, ka jiƙa jikinka, ka hau mota da keken ka koma. Da azumi ka taƙaita ga 'yar zagayen cikin gari dab da shan ruwa.

Shiga garin mutane

Matsattsen gajeren wandon 'yan tsere ba kayan shiga Sifawa ko Hubbare ba ne. Ka sa dogon wando mara nauyi a kansa, ka ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama. In ka isa gari ka fara da gaisuwa a ƙofar hakimi ko mai gari, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. A wannan zamani baƙon da ya shigo yana ɗaukar hoto bai gai da kowa ba yana tayar da hankalin jama'a, kuma suna da hujja. Ka tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka ba masu kula da wurin abin da ya sawwaƙa. A shingen jami'an tsaro ko na 'yan sintiri ka rage gudu tun daga nesa, ka cire tabarau, katin shaidarka na aljihu. In garken shanu na tsallaka hanya ka tsaya cik, kada ka buga ƙararrawa, ka yi wa makiyayin sannu har su wuce.

Ga yadda zan so ka jera su. Mako biyu na farko ka yi zagayen ƙofofi da Hubbare. Mako biyu na biye ka yi Kwalkwalawa da Dundaye, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan har kilomita 30 ta daina yi maka nauyi. Sannan Kware a ranar da ba ta kasuwa ba. A wata na biyu ka nemi abokin tafiya ko da mutum ɗaya ne, ku nufi Sifawa. Ranar ku bar Arkilla da an sallame asuba, gora biyu cike, tub biyu a aljihu, ka kuma faɗa wa iyali hanyar da ka bi da ƙarfe nawa za su sa ran dawowarka.